Amanar Na'inna

Shafi na 14

Masu turo mini saƙo tun ranar Talata, na gani, ku yi haƙuri, zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Masu zagin Malam Apollos kuma ku ɗan sassauta masa, ba ku gama sanin mutumin nan ba.

Ga waɗanda suka shigo mana yanzu: muna Jimeta ne a shekarar 1973, lokacin Yola tana cikin Jihar Arewa Maso Gabas. Mama Keturah ungozoma ce, kuma shugabar Zumuntar Mata a majami'arsu. Ita ta raini Azumi, marainiyar maƙwabciyarta Na'inna, tun yarinyar tana shekara biyar, kuma a kan Musulunci ta raine ta. Yau dattawan ikilisiya suka kira ta a kan maganar.

*

Ƙarfe goma saura ta shiga ɗakin taron da ke bayan majami'a.

Mutum uku ta tarar. Fasto Nicodemus a tsakiya, da tabaransa da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Baba Manasseh kafinta a damansa, wanda shi ya ƙera bencin da aka nuna mata ta zauna. Sai Malam Apollos, sakataren ikilisiya, wanda aka yi wa canjin aiki daga Maiduguri wata takwas da suka wuce. Shi ya kawo ƙarar.

Aka gaisa. Fasto ya yi addu'a gajeriya, ya roƙi Allah ya tsare bakunansu.

Malam Apollos ya gyara zama.

"Mama, ba don raini na kawo maganar nan ba. Kin haife ni."

"Na sani, Malam. Faɗi abin da ka gani."

"Ranar Laraba na je gidanki a Limawa kai takardar taron mata. Na ga buta a bakin ƙofa. Na ga tabarmar salla a shimfiɗe a tsakar gida. Ke kuma na same ki kina dama kunun tsamiya na buɗe-baki."

"Haka ne. Watan azumi ne."

"Na tambaya, aka ce ke kike tashin ta sahur."

"Nauyin barci ne da ita. In ban tashe ta ba, haka za ta ɗauka ciki ba komai."

Baba Manasseh ya yi tari, ya kawar da kai don kada a ga murmushinsa.

Malam Apollos bai yi murmushi ba.

"An kuma ce ke da kanki kika kai ta makarantar allo."

"Ni na kai ta. Wajen matar Malam Hayatu, limamin unguwarmu. Ranar da ta sauke ma ni na dafa abincin walima."

"Shekara goma sha uku, Mama. Rai yana kwana a ɗakinki shekara goma sha uku, ba ki taɓa kawo shi gaban Ubangiji ba. Ke da kike tsayawa gaban mata kina koya musu su kai bishara ƙauyuka. Me za mu ce wa matan nan?"

Mama Keturah ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa.

"Fasto ya san labarin. Baba Manasseh ma ya sani. Kai ne baƙo, bari in ba ka."

Fasto ya gyaɗa mata kai.

"Satin da aka ba mu 'yancin kai ne. Gari ya cika da kiɗa, 'yan makaranta suna yawo da tutoci. Gidan haya ɗaya muke da Na'inna, ɗakina na kallon nata. Mijinta Bawa ya rasu tun farkon damina, kwalekwale ya kife da su a Binuwai, ya bar ta da ciki. Ranar nan da hantsi naƙuda ta kama ta. Ɗan bai zo da rai ba. Jini kuma ya ɓalle."

Ta ci gaba.

"Na karɓi haihuwa ta fi ɗari kafin wannan. Duk abin da na sani na yi. Na aika a nemo mota, duk motocin gari suna filin biki. Sai ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, Adda Keturah, ki riƙe mini Azumi. Amma ubanta da salla ya bar ta, kada ki raba ta da ita. Na ce na ɗauka."

"Kin yi tunani kafin ki amsa?"

"Jini yana zuba, Malam. Bayan an binne ta na yi tunanin."

"To da kika yi tunanin fa?"

"Kwana uku ban ci abinci ba, ina addu'a. Karatuna ba mai sauri ba ne, amma na bi Littafi Mai Tsarki da yatsa ina nema. Na ga inda aka umarce mu mu kai bishara ga kowa. Na ga inda aka yabi mutumin da yake cika alkawari ko da zai cutu. Maganar marayu kuwa ba ta ƙirguwa. Abin da ban gani ba shi ne inda aka ce ga yadda za ki yi idan duka suka haɗu a kan yarinya ɗaya mai shekara biyar, tana kuka tana tambayar ina innarta."

Kwanon rufi ya fara ɗaukar zafi.

"Sai na tambayi kaina abu ɗaya. Ɗana Wilson yana shekara bakwai lokacin. Na ce, Keturah, da ke ce a kwance cikin jinin nan, Na'inna ce a kanki, me za ki roƙe ta? Na san amsar. Zan ce ta riƙa kai mini shi majami'a ranar Lahadi. Na kuma san Na'inna, da ta kai shi. Da ta tsaya a bakin ƙofar can da mayafinta har a tashi."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Malam Apollos. "Ke kin san gaskiya."

"Na san wanda na ba da gaskiya gare shi. Ban taɓa ɓoye shi a gidana ba. Azumi ta san waƙoƙinmu fiye da wasu 'yan ƙungiyar mawaƙa. Tun da idona ya fara rauni ita take karanta mini Littafi da safe. In ta tambaye ni, ina ba ta amsa, ba na ragewa. Abin da ban yi ba shi ne in kama hannun marainiya da ba ta da inda za ta ci tuwo sai gidana, in ce mata ga hanya."

"Rai ne fa, Mama. Rai na har abada."

Muryarta ta yi ƙasa.

"Kana tsammani ban sani ba? Kana tsammani akwai Lahadin da na fito na bar ta a gida ban ji shi a nan ba?" Ta taɓa ƙirjinta. "Ban ce maka na tabbata na yi daidai ba. Wataƙila ranar da na tsaya gabansa zai ce, Keturah, kin yi kuskure. In haka ne zan ce masa, Ubangiji, na nema a maganarka, na tambaye ka, na yi abin da na ga ya fi kama da kai. Ka yi mini jinƙai."

Malam Apollos ya dubi takardar da ke gabansa. Da alama bai shirya wa irin wannan amsar ba.

"Shawarata ita ce," ya ce, "Mama ta sauka daga shugabancin mata. A kuma dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, teburin gurasa da ƙoƙo, har sai ta sa yarinyar a ajin baftisma. Ba don mugunta ba. Don kada gobe wata ta ce ai shugaba ma haka take yi."

Mama Keturah ba ta motsa ba, amma idonta ya kaɗa. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa rasa teburin nan ba, ko ranar da aka binne mijinta.

"Shugabancin ku karɓa yau ma," ta ce. "Akwai waɗanda suka fi ni. Teburin ne zai yi mini ciwo. Amma in ku ukun nan kuka yanke, zan zauna a bencin baya in jira."

"Ki jira me?"

"Ku ko ni, Allah ya nuna wa wani gaskiya."

Baba Manasseh ya ɗaga hannu.

"Ni ba mai ilimi ba ne. Katako na sani. Amma shekarar da amai da gudawa ya shigo garin nan, matata ta kwanta, 'ya'yana suna Jos, maƙwabta kowa ya rufe ƙofa. Yarinyar nan ce take zuwa da tulu daga Limawa har gidana a Gwadabawa, safe da yamma. Ita take wanke mata jiki. Na tambaye ta wa ya aiko ta, ta ce haka Dadarta, wato Keturah, take yi. Ban san wace aya ce wannan ba, amma ni dai na ga tarbiyyar gidan Kirista."

"Aikin kirki ba ya ceto, Baba."

"Ban ce yana yi ba. Cewa na yi matar da ta raini wannan, ni ba zan iya janye mata ƙoƙo daga baki ba. Hannuna ba zai yi ba."

Fasto Nicodemus ya cire tabarau. Ya buɗe baki ke nan aka turo ƙofa.

Azumi ce.

Doguwa ce, shekararta sha takwas, tana ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai mata. Mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, takalmanta duk laka. Gudu ta yi tun daga Limawa, ga azumi a bakinta, leɓunanta sun bushe.

Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ku gafarce ni, iyayena. Na san ba a kira ni ba."

"Azumi, me ya fito da ke a ranar nan?" in ji Mama Keturah.

Ba ta dube ta ba. Fasto ta duba.

"Baba Fasto, ku yi mini baftisma."

Dattawan suka dubi juna.

"Ko gobe ne. Na san duk tambayoyin ajin, na sha karanta wa Dada littafin. Ku gwada ni yanzu."

Malam Apollos ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta washe, har idonsa ya kawo ruwa.

"Mun gode wa Ubangiji. Kun gani? Kun ga abin da nake faɗa? Ashe zuciyar yarinyar a shirye take tun tuni, jira kawai take a buɗe mata ƙofa."

"A'a."

Mama Keturah ce ta faɗa. Ba da ƙarfi ba.

Malam Apollos ya juyo.

"Mama, me kika ce?"

"Na ce a'a."

"Yarinya ta zo da ƙafarta tana neman Almasihu, ke ce za ki tare ƙofa?"

"Ba na tare ƙofa. Tambayarta zan yi. Azumi, taso ki zo nan."

Ta taso, ta durƙusa a gabanta, kanta a sunkuye.

"Kin yi sallar asuba yau?"

"Na yi."

"Na ga kin daɗe a kan tabarma. Me kika roƙa?"

Azumi ta ƙara sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Na roƙi Allah kada a kore ki."

"Wa ya gaya miki za a kore ni?"

"Matan da suka zo ɗiban ruwa jiya. Sun ce za a hana ki gurasar Lahadi saboda ni."

"To ɗago ki dube ni."

Ta ɗago. Hawaye sun riga sun jiƙa mata fuska.

"Tun kina ƙarama ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Kada ki fara yau, a ɗakin nan. Kin ba da gaskiya cewa Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu dominki, ya tashi?"

Azumi ta kawar da ido.

"Dada..."

"I ko a'a."

"Ina girmama shi. Wallahi ina girmama shi, kin sani."

"Na sani. Ba ita na tambaye ki ba."

Azumi ta kifa kanta a cinyar Mama Keturah, kuka ya ƙwace mata.

"Ba zan iya ganin ki a bencin baya ba, Dada. Ina ganin yadda kike wanke farin zanenki tun Juma'a, ki goge, ki rataye. Ina ganin fuskarki in kin dawo. Kin ba ni komai. Ni me na taɓa ba ki? Ruwa ne kawai, in shiga in fito. Allah ya san zuciyata."

Mama Keturah ta ɗora hannu a kanta, ta gyara mata mayafin ya koma inda yake.

"Shi ya sa ba za ki shiga ba. Don ya san zuciyarki."

Ta ɗago ta dubi dattawan.

"Shekara goma sha uku ina roƙon in ji maganar nan daga bakinta. Ba safiyar da ban roƙa ba. Yau na ji, kuma ba ita ba ce. In na yi shiru aka sa ta a ruwa, na sa ta yi wa Allahna ƙarya, na sa ta yi wa addininta ƙarya, duk don tsohuwa ta ci gurasa. Gara in zauna a baya har in mutu."

Ta sake sunkuyawa kan Azumi.

"Ki ji ni da kyau. Ranar da kika zo kika ce, Dada, zuciyata ce, ba tausayinki ba, ni zan riƙe miki zane a bakin Binuwai, in yi guɗa duk Jimeta ta ji. Ranar ba ni na raba ki da komai ba, ke kika zaɓa da girmanki. In kuma ranar ba ta zo ba, ke 'yata ce, kunun buɗe-bakinki yana wuyana. Kin ji?"

"Na ji, Dada."

"Share fuskarki. Kina ɓata ruwan jikinki, ga Magariba da nisa."

Baba Manasseh ya ciro hankici ya fyace hanci. Bai ɓoye ba wannan karon.

Fasto Nicodemus ya mayar da tabaransa, ya jawo Littafin da ke gabansa, amma bai buɗe ba.

"Tun ranar Laraba da Malam Apollos ya kawo mini maganar nan nake bincike," ya ce. "Na so in sami aya ɗaya da za ta raba gardama, in huta. Ban samu ba. Duk wadda na ɗauko, sai in ga 'yar'uwarta tana kallona daga wani shafin."

Ya dubi Malam Apollos.

"Ɗana, inda Littafi ya yi magana a fili, ba ni da ta cewa, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba. Inda ya yi shiru kuma, ina jin tsoron in sa wa Allah magana a baki. Abin da nake iya yi shi ne in duba mutumin. Ya nemi fuskar Allah kafin ya yi, ko son ransa ya bi? Wa ya amfana, shi ko maƙwabcinsa? Akwai ƙarya a ciki? Yanzu a gabanka aka miƙa wa matar nan hanyar fita, da abin da ta fi so a duniya a haɗe, ta ƙi karɓa don ba gaskiya ba ne. Ni ban san horon da zan yi wa irin wannan ba."

"Fasto..."

"Ban ce damuwarka banza ce ba. Da kowa ya daina jin zafin rayuka kamar yadda kake ji, da mun rufe majami'ar nan. Wata ma a matsayin Keturah za ta iya yin addu'a ta ga ba za ta iya ɗaukar alkawarin ba tun farko, ta kai yarinyar gidan liman. Ita ma ba zan hore ta ba. Amma teburin ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Gobe Keturah za ta zo, ni zan miƙa mata da hannuna."

Malam Apollos ya koma ya zauna a hankali. Ya ninke takardarsa biyu, ya sake ninkewa, har ta ƙi ninkuwa.

Fasto ya daɗe yana kallonsa.

"Tambaya ɗaya nake da ita gare ka. Wata takwas kana tare da mu. Na ga an yi abubuwan da suka fi wannan a fili, ka yi haƙuri da masu su. Me ya sa wannan ta hana ka sukuni?"

"Ba komai, Fasto."

"Apollos."

Malam Apollos ya ajiye takardar a kan tebur. Da ya buɗe baki, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Ina da yaya mace. Mu biyu ne wajen uwarmu. Ita ta goye ni, ita ta koya mini karatu a ƙauyenmu, can bayan Numan. Babanmu mai bishara ne. A 1953 aka kawo ta Jimeta koyon ɗinki, tana shekara sha tara, ni ina sha huɗu. Ba ta dawo ba."

Hannun Mama Keturah da ke kan Azumi ya tsaya cak.

"Aka ce ta bi wani tela Musulmi sun ƙetare zuwa Garwa ta Kamaru. Ko sunansa ba mu sani ba. Babanmu ya ce kada a sake kiran sunanta a gidansa. Dattawa suka ce a bar ta, zaɓinta ne. Aka bar ta. Ba wanda ya bi ta, ba wanda ya rubuta mata ko layi ɗaya. Ranar da Baba zai rasu, sunan da ya hana a kira shi yake ta kira har numfashinsa ya tsaya."

Ya goge ido da bayan hannu.

"Sau biyu na je Garwa. Na bi shagunan teloli ɗaya bayan ɗaya. Canjin aikin nan ma ni na roƙa, don in matso kusa. Shekara ashirin ban san ko tana raye ba. Shi ya sa in na ji an ce a bar mutum, zaɓinsa ne, sai in ji kamar ana sake jefar da Adda Edith."

Azumi ta ɗago kai.

"Azumi, tashi ki je gida," in ji Mama Keturah da sauri. "Rana ta yi. Je ki jiƙa tsamiya."

Azumi ba ta tashi ba. Malam Apollos take kallo.

"Babana tela ne," ta ce a hankali. "A Garwa aka haife ni."

"Na ce ki tashi."

Azumi ba ta taɓa jin Dadarta ta yi mata tsawa haka ba. Ta juyo ta dube ta.

"Dada, wace ce Edith?"

Mama Keturah ta rufe ido.

"Kullum da safe in kin durƙusa, kina tsammani ina barci. Kina yi wa ɗanki Hamma Wilson addu'a da sunansa. In kin zo kaina ba kya cewa Azumi. Cewa kike, Ubangiji, ka tuna da 'yar Edith. Na ɗauka wani suna ne na cikin Littafinku. Na duba ban gani ba."

Baba Manasseh ya dubi Fasto. Fasto ya girgiza kai. Shi ma yau ya fara ji.

Malam Apollos ya miƙe, ya dafa tebur da hannu biyu. Ya zuba wa Azumi ido, goshinta, hancinta, wushiryar da ke tsakanin haƙoranta, kamar yanzu ta shigo ɗakin.

Sannan ya juyo ga Mama Keturah.

"Mama. Matar da kika ce ta riƙe miki wuyan hannu. Wadda aka rasa motar da za ta kai ta asibiti. Kafin a kira ta Na'inna, mene ne sunanta?"

Mama Keturah ta buɗe ido. Ta jawo Azumi jikinta ta riƙe ta gam.

"Alkawari biyu ta sa na ɗaukar mata ranar nan, Apollos," ta ce. "Ɗaya kawai na gaya muku."